Ƙwaƙwalwar Da Baba Ya Aro

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da abin da wata mota ta yi wa mahaifina a Ƙofar Ruwa. Na ce mota, amma gaskiya ba motar ba ce. Mutanen da suka ƙera ta ne, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba, ba su san ma akwai shi a duniya ba, suka karya shi daga inda suke zaune. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baba bakanike ne. Tun kafin a haife ni yake da gareji a bayan layin masu sayar da kayan mota, rumfar kwano ce kawai da benci da wata tsohuwar darbejiya. Bai tara komai ba, gidan da muke ciki a gindin Goron Dutse ma na gado ne. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi, kuma duk wanda ya zauna da shi ya ji shi daga bakinsa: mota ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba. Wadda aka jawo da igiya ma da ƙafarta take komawa gida.

Sai na yi muku bayanin yadda ake aiki a wurinsu, don a nan maganar take. A Ƙofar Ruwa idan bakanike yana zargin wani ƙarfe ne ya lalace, ba ya sa mai mota ya saya tukuna. Aro yake yi. Ya je wurin mai shago, ko maƙwabcin gareji, ko duk wanda yake da irin motar, ya kwance lafiyayyen ya zo ya ɗaura. In motar ta tashi, an gano ciwon, sai a mayar wa mai abu abinsa da godiya. In ba ta tashi ba a nemi wani wajen. Ba a rubutawa, ba a jingina, kuma ba a hanawa. Wanda ya hana aro sai an yi shekara ana nuna shi da baki. Baba kuwa ya fi kowa bayarwa, har Ummanmu takan ce wata rana sai ya ba da aron hannunsa ya dawo gida da dungu.

Muna da maƙwabci, katanga ɗaya ta raba mu, muna ce masa Baffa duk da ba mu haɗa jini ba. Kakanninsa daga Barno suka zo, huluna yake sayarwa a kasuwar Kurmi. Allo ɗaya suka wanke shi da Baba tun suna yara, kuma kullum da yamma a kwano ɗaya suke cin tuwo a ƙofar gida. Shi yana ce wa Baba Injiniya, Baba yana ce masa Babarbare. Baffa ya daɗe yana fama da babur kafin Allah ya hore masa mota, 'yar Kwatano ruwan toka, an hau ta a ƙasar waje amma kamar sabuwa. Ba ta iya shiga lungunmu, sai a bakin lungu yake ajiye ta, daf da masallaci. Motar ta zama ta unguwa. Mai naƙuda ita, amarya ita, tsohon da za a kai asibiti ita. Da ita kuma yake kai huluna kasuwannin garuruwa, har kasuwancin nasa ya fara buɗewa.

Sai wata Hajiya mai shaguna a Kantin Kwari ta aiko da motarta gareji. Irin ta Baffa ce sak, har launin. Bambancin kawai ita sabuwa dal ta saye ta a wurin wakilin kamfanin a Abuja. Motar tana fizga tana mutuwa a hanya, Hajiya kuma ba ta ga dalilin kai ta har Abuja ba alhali duk motocin gidansu tun na mahaifinta, Baba ne ke gyarawa. Ya duba filogi, ya duba famfon mai, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba. Zarginsa ya tsaya kan wani ɗan akwatin ƙarfe da ke ɓoye a gefen injin, wanda suke kira ƙwaƙwalwar mota. Sai ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi. Da safe ya tare Baffa a bakin lungu ya ce yana son aron motarsa zai gwada wani abu. Ina tsakar gida na jiyo muryar Baffa yana dariya.

"Injiniya, ungo makulli. In ka ga dama ka cire injin ma ka soya ƙosai da shi, ni dai ka dawo min da ita kafin jibi, ina da kasuwa."

Lokacin na gama sakandare ina zaune a gida, ina sayar da turaren wuta da humra ta waya. Gab da azahar sai ga kiran Baba. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

"Uwata, hau adaidaita ki zo ki karanta min wani Turanci."

Na tafi ina mita, don ni abu kaɗan ne ke ƙular da ni, ga rana, ga cunkoso. Na tarar da motocin biyu gefe da gefe kamar tagwaye, kowacce bonet a buɗe. Ashe ya musanya musu ƙwaƙwalwa don ya gwada. Baba yana tsaye a tsakaninsu yana goge hannu da tsumma, ya nuna min allon da ke gaban sitiyarin motar Hajiya. Hoton makulli ne ja yana ƙyaftawa, da rubutu a ƙasansa. Na karanta na fassara masa: an gano an taɓa tsaron motar, an kulle ta, a tuntuɓi wakilin kamfani.

Na ce, "To Baba, ka mayar wa kowacce da tata mana."

Ya ce, "Ai na mayar tun ɗazu. Leƙa ta Baffanki."

Na leƙa. Jan makulli, rubutu iri ɗaya. Motar da ta zo da ƙafarta da safe, lafiyarta ƙalau, an murɗa an murɗa ko tari ta ƙi yi. Na sake karanta masa a hankali. Ya dube ni, ya dubi allon, sannan ya ɗaga makullin Baffa sama yana kaɗa shi a gaban idona.

"An kulle ta? Wa ya kulle? Ga makullin a hannuna."

Wallahi wannan tambayar ita ce har yau ban samu wanda ya ba ni amsarta da ta gamsar da ni ba.

Aka kirawo wani matashi da ke duba motoci da kwamfuta a layin gaba. Ya jona wayarsa ya daddanna, ya daɗe yana kallo, sai ya cire hula ya sosa kai.

"Baba, ai waɗannan sababbin tun a masana'anta ake ɗaura wa kowace mota aure da ƙwaƙwalwarta. Kai kuma ka ɗauki matar wani ka kai ɗakin wani. Yanzu kowacce ta ɗauka ɓarawo ne ya shige ta."

Masu kallo suka yi dariya, har Baba ya ɗan murmusa. Ya ce to a mayar da auren mana, ko sai an nemo waliyyai? Matashin bai yi dariya ba. Ya ce wannan ba aikin kwamfutarsa ba ne. Sai an jona motar da na'urar kamfanin ta intanet, can ƙasarsu su buɗe, kuma wakilansu kaɗai suke ba wa wannan damar. A nan na ga murmushin Baba ya tafi. Ya zauna a kan benci.

Bayan la'asar Hajiya ta iso, direbanta ya riga ya kai mata labari. Tun daga bakin layi ake jin muryarta. Mutane suka bar shaguna suka taru.

"Malam, gyara na kawo ko kisa? Wa ya ce ka haɗa min mota da ta wani? Mota irin wannan ai ba akwalar da kuka saba kwankwatsa da guduma ba ce. In ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba!"

Baba yana tsaye kansa a ƙasa yana cewa, "Ki yi haƙuri Hajiya, kuskure ne." Mutumin da ya girme ta, wanda ya gyara motar da aka kai ta makaranta. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "Hajiya, da kika san ba akwala ba ce me ya hana ki kai ta wurin waɗanda suka iya? Araha kika biyo, yanzu kuma..."

Ban ƙarasa ba Baba ya juyo. "Uwata, rufe min baki. Wuce ki zauna." Bai taɓa yi min tsawa a gaban mutane ba sai ranar. Na zauna ina huci, ina kallo aka kawo janwe aka ɗora motar Hajiya. Ta tafi ba ta yi masa sallama ba.

Baffa ya zo daga baya a bayan babur ɗin wani. Ya zagaya motarsa, ya shiga ya murɗa da kansa, ya fito. Ina jira ya yi faɗa, wallahi da ya yi da ya fi mana sauƙi. Sai ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Injiniya, ƙarfe ne fa. Za ta tashi. Taso mu tafi gida."

Daga ranar na ɗauki abin a kaina. Na ce ai kamfanin yana da shafi, yana da wurin aika saƙo, kuma ina jin Turanci daidai gwargwado. Na sa data na zauna. Abin da ya fara amsa min ba mutum ba ne, wata na'ura ce mai ladabin ƙarya. Ta gaishe ni, ta ce tana farin cikin taimaka min, ta ce in zaɓi matsalata daga cikin waɗanda ta jero. Babu tawa a ciki. Na rubuta mata labarin tun daga farko, ta sake gaishe ni ta sake jero min su. Haka muka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, har na rubuta mata zagin da ba zan maimaita a nan ba, ta ce ta gode da saƙona. Umma tana ta ce min, "Ke da wa kike faɗa ne a ɗaki ke kaɗai?"

Da ƙyar da naci aka haɗa ni da wani da ya ce shi mutum ne. Ya nemi lambar da ke jikin motar, na je bakin gareji na kwafo na tura. Amsarsa gajeriya ce. Wai wannan motar an ƙera ta ne don kasuwar wata ƙasa, ba a yi ta don yankinmu ba, saboda haka ba su da hurumin taimakawa. Na ce masa amma ai kuna da hurumin kulle ta a yankinmu. Kun iya miƙo hannu har Kano ku kashe, ku miƙo shi ku tayar ne ba za ku iya ba? Abin da ya biyo baya saƙo ne mai taurari, wai in zaɓi nawa zan ba su don nuna jin daɗina da hidimarsu.

Muka juya kan wakilinsu na Abuja. A nan ne abin ya fi yi min ciwo. Direban Hajiya ya ba da labari a Ƙofar Ruwa cewa tata ko lemon da aka ba shi bai gama sha ba aka buɗe ta. Ciwon nata na asali ma ashe wata 'yar waya ce ta saki. Da na kira su kan ta Baffa, wata mai zaƙin murya ta ce min, "Ki yi haƙuri, ba ta hannunmu ta shigo ba." Mota iri ɗaya, launi ɗaya, kamfani ɗaya ya ƙera, a gareji ɗaya aka kulle su a sa'a ɗaya. Ɗaya 'yar halak ce a wurinsu, ɗaya kuma ba su san ta ba. Mai zagin ta samu motarta, wanda ya ba da aro don zumunci shi aka bari da gawa.

Wani mai shago ya ce zai iya sa a kawo wata ƙwaƙwalwar da makullanta daga waje, ko za a dace. Lokacin kuwa an rufe boda, dokar shigo da kaya kullum da sabuwar da za ka ji a rediyo. Yau a ce kayan suna hanya, gobe a ce an tsayar, jibi a ce kuɗin fito ya canza. Ƙarshe mutumin ya faɗa wa Baba gaskiya, ya ce ko ta iso sai kamfanin ya yarda ya ɗaura auren, kuma ya riga ya ji amsarsu.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ina sauraron manya a rediyo suna zuba bayani kan cinikayya tsakanin ƙasashe, wai duniya ta zama kasuwa ɗaya. Wace irin kasuwa ce wannan? Su gama hawan mota su turo mana, mu karɓa da murna, kuɗinmu halal ne. Ranar da ta lalace kuma ba a yi ta don mu ba. Namu shugabannin su rufe ƙofa su ce suna kare mu, alhali ba su ƙera ko ƙusa ɗaya da za mu maye gurbi da ita ba. Fatar da ake jemewa a garin nan ake lodawa a kai musu, wa ya sani ma ko kujerar da ke cikin motar Baffa fatar akuyarmu ce. Mu mun taɓa sa wa fata makulli? Mun taɓa cewa in baƙon maɗinki ya taɓa ta za ta ƙi ɗinkuwa? Suna cewa don maganin ɓarayi suka yi. Na yarda. To ga mai mota, ga takardunsa, ga makullinsa, ga unguwa guda za ta yi masa shaida. Wane ɓarawo ya rage in ba wanda ya ƙi buɗewa ba?

Aka jawo motar Baffa aka ajiye a inda ta saba kwana, bakin lungu daf da masallaci, aka lulluɓe ta da tamfol. Tayoyin suka sace, awaki suka mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa. Baffa ya koma kan tsohon babur ɗinsa, ya daina zuwa kasuwannin nesa. Matar wani maƙwabcinmu da naƙuda ta kama, a adaidaita aka kai ta tana ihu. Ba wanda ya ce da Baba komai, amma ba wanda bai san dalili ba. Baba ya je ya sami Baffa da maganar zai sayar da rabonsa na gonar gado ya rage masa asara, Baffa ya rantse in ya sake ɗaga zancen ko gaisuwa ba za ta ƙara haɗa su ba. "Ni na ba ka da hannuna, Injiniya. Ko ni ne bakaniken haka zan yi."

Wannan kirkin shi ya ƙarasa Baba. Ya kasa wucewa ta gaban tamfol ɗin. Mutumin da tun yana yaro a masallacin bakin lungu yake salla, ya koma zagayawa ta baya zuwa wani masallacin. Tuwon yamma ya ce a riƙa ajiye masa a ɗaki, wai ƙafarsa ke ciwo. Ina jin Baffa yana sallama a zaure, "Injiniya! Ko ka yi sabuwar amarya ne ka daina fitowa?" Baba ya ƙi fitowa, Umma ta aika a ce ya kwanta.

A kasuwa kuwa suna ya bi shi. Ba wanda ya tuna motocin da ya tayar tsawon rayuwarsa, sai dai a ce, "garejin wanda ya kashe mota biyu rana ɗaya." Masu sababbin motoci suka janye, shi ma ko an kawo ba ya karɓa. Ƙarshe Baffa ya gaji ya sayar da motar ga masu yanka motoci. Aka yi gunduwa-gunduwa da ita, injin da ko ciwon kai bai taɓa yi ba, aka baza ta a shagunan Ƙofar Ruwa. Ƙofarta ta gaba ta daɗe a rataye a wani shago da ke kallon garejin Baba. Ya gane ta, don akwai wani karcen da shi da kansa ya shafe da fenti. Sai ya juya bencinsa ya koma kallon bango.

Amma abin da ya fi tsaya min ba wannan ba ne. Wata rana Umma ta ba ni abincinsa na kai masa. Ina zaune yana ci sai ga wani dattijon bakanike, abokin aikinsa na shekara da shekaru, ya zo neman aron kafireta zai gwada a wata tsohuwar mota. Tsohuwar mota fa, irin wadda ba ta da ƙwaƙwalwa ba ta da komai. Baba bai ɗago kai ba ya ce, "Babu." Mutumin ya tsaya kamar bai ji daidai ba, sannan ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya juya. Ni kuwa ina hango kafiretar a ƙarƙashin benci, kusa da ƙafarsa.

Na ce, "Baba, ga ta nan fa."

Ya ce, "Na gan ta."

"To me ya sa?"

Ya ajiye cokali ya ce, "Uwata, na daina. Ba na karɓa, ba na bayarwa. Kowa ya riƙe nasa."

A hanyar komawa gida na yi kuka a cikin adaidaita, na ja mayafi na rufe fuska. Ba don motar ba. Mota ƙarfe ce, yadda Baffa ya faɗa. Kukan na mutumin da aka sauya min ne. Wasu da ke can wata duniya sun koya wa ubana rowa, shi da Umma take tsoron zai ba da aron hannunsa.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Duk abin da ka saya amma wani yana da ikon kashe shi daga nesa, ba naka ba ne, ajiya aka ba ka, ko da kuwa ka biya har ƙarshe. Haka nake kallon wayar da ke hannuna ma yanzu. Shi ya sa in zan sayi abu, ko na'urar markaɗe ce, ba na tambayar kyanta ko sunan kamfaninta. Tambayata ɗaya ce: in ta lalace, akwai wanda zai iya buɗe ta a garin nan ba tare da ya nemi izinin wani ba? In mai shago ya fara kame-kame sai in ajiye masa kayansa in yi gaba, ya ce na cika tsiwa, ya daɗe bai faɗa ba.

Baba da Baffa suna nan da ransu, suna gaisawa in sun haɗu. Masu yankan ba su karɓi makullin ba, sun ce ba shi da amfani. Yana nan a rataye a jikin ƙusa a zaurenmu, Baba ya hana a taɓa shi.